Yadda ake feɗe labarin tsaron ƙasa da ƙasa kafin a yi sharhi

Ɗalibin da ke nazarin hulɗar ƙasashe a Jami'ar Jos, ko ɗan jaridar da ke aiko da rahoto daga hedikwatar ECOWAS a Abuja, ya kamata ya fara da tambaya guda: mai barazanar nan gwamnati ce da za a iya zama da ita a tattauna, ko kuwa ƙungiya ce da ba ta da fadar da za a kai wa takarda?

Idan gwamnati ce, rikicin tsohon salo ne, kuma an shata masa hanya tun 1945 a Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda sashensa na 51 ya halatta kare kai. Sai ka nemi kotu ko yarjejeniyar da ta shafi lamarin, kamar yadda aka yi da Bakassi, inda Kotun Duniya ta ba Kamaru gaskiya a 2002, Najeriya kuma ta kammala miƙa yankin a 2008. Ka duba ko ɗaya daga cikin ƙasashe biyar masu kujerar na-ƙi tana cikin rigimar, domin abin da ya ɗaure hannun Kwamitin Sulhu ke nan da Rasha ta mamaye Yukren a 2022.

Idan ƙungiya ce, a nan aikin yake. Ka ajiye jawabanta gefe, ka bi sawun makaminta da kuɗinta. Makaman da suka watsu bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 sun taimaka wajen rura wutar arewacin Mali a 2012, haka kuma ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, tana karɓar haraji daga masunta da makiyaya a Tafkin Chadi, abin da a ganina ya fi bayyana daɗewarta fiye da aƙidar da take yaɗawa. Daga nan ka tambayi wa ke da hurumin tsallaka iyaka ya bi ta, tambayar da ta ƙara wuya tun da Mali da Burkina Faso da Nijar suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

Harin intanet kuwa, irin wanda ya durƙusar da shafukan bankuna da na gwamnatin Estoniya a 2007, babbar matsalarsa ita ce tabbatar da mai laifi, saboda haka ka rubuta “ana zargi” har sai hujja ta fito. Bidiyon hari da aka turo maka a WhatsApp ma, ka binciki ranar da ya fara bayyana da wurin da aka ɗauke shi kafin ka sa shi cikin rahotonka.