Darasi na Tara: Sauraren Kukan 'Ya'yan Kyanwar Maine Coon

Maine Coon wata irin kyanwa ce mai girman jiki da yawan gashi. Asalinta jihar Maine ce, a arewa maso gabashin Amurka, inda a 1985 hukuma ta ayyana ta a matsayin kyanwar jihar. Muzurunta kan kai kilo 6 zuwa 8, kuma ba ta gama girma sai ta shekara uku zuwa biyar. Duk da wannan jiki, muryarta siririya ce. Ta fi yin wata 'yar tsuwa kamar ta tsuntsu a kan kukan da muka saba ji daga kyanwa.

Idan ɗan kyanwa ya nufo ka da wutsiya a miƙe sama, yana wannan gajeriyar tsuwa, gaisuwa yake yi, ko yana so ka biyo shi wajen kwanon abinci. Da irin wannan sauti uwa ke kiran 'ya'yanta. Akwai kuma ɗan rugugin da ke fita daga maƙogwaronsa lokacin shan nono. Ɗora yatsa a wuyansa, za ka ji yana rawa. Yawanci alamar jin daɗi ce, amma wanda ba shi da lafiya ma yakan yi shi, don haka a duba ko yana ci.

Kukan da ya kamata mu fi sa wa kunne shi ne mai tsini, wanda ba ya yankewa. Ana haihuwar 'ya'yan kyanwa ido a rufe, sai bayan kwana 7 zuwa 10 yake buɗewa, kuma a makonni ukun farko ba sa iya ɗumama jikinsu da kansu. Jaririn da ke tsala kuka haka, ko yunwa ce, ko sanyi, ko ya ɓace wa uwarsa. A taɓa tafin ƙafarsa. In da sanyi, a naɗe shi da tsumma mai ɗumi kafin a ba shi abinci. Don Allah kada a ba shi madarar shanu, tana sa shi zawo. In kukan bai tsaya ba, kuma ya ƙi nono, a kai shi wurin likitan dabbobi a ranar.

Huci da gurnani kuwa tsoro ne. A ja da baya, a hana yara damunsa.

Aiki: Rubuta abu uku da ke sa jaririn kyanwa kuka mai tsini, sannan ka karanta wa abokin zamanka.