Yadda ake fita ɗaukar hoto a sanyin arewacin Kanada a dawo da yatsu da kyamara lafiya

Garin Yellowknife yana bakin tafkin Great Slave, a yankin Arewa maso Yammacin Kanada. A watan Janairu matsakaicin sanyinsa yana wajen digiri 26 ƙasa da sifili, kuma ba abin mamaki ba ne a wayi gari a ga 40. A ƙarshen Disamba rana na fitowa wajen ƙarfe 10 na safe, kafin ƙarfe 3 da rabi ta faɗi. Wanda ya san sanyi a hunturun Kano ko Damagaram, ko ma na Jos, ya ajiye wannan sanin gefe guda, domin a can abin da ake tsoro tsagewar leɓe da faso ne, a nan kuwa naman jiki ne ke daskarewa.

Abin da ya fi yi wa baƙo illa a irin wannan wuri shi ne danshi, wato zufar jikinsa da tururin numfashinsa da raɓar da ke kwanta wa kyamara. Busasshen sanyi ana iya zama da shi. Kusan duk matakan da ke tafe dabarun hana jiƙewa ne.

Kafin ka buɗe ƙofa

Duba hasashen yanayi, amma kada ka tsaya a kan lambar digiri kaɗai. Hukumar kula da yanayi ta Kanada tana ba da lamba ta biyu, wadda ke nuna yadda sanyin zai ji a fata idan an haɗa da iska. Ita ce ta aiki. Daga 28 zuwa 39 ƙasa da sifili, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Daga 40 zuwa 47, minti 5 zuwa 10 ne. Idan ta kai 48 zuwa 54, minti 2 zuwa 5. Da wannan za ka yanke tsawon lokacin da za ka yi a waje tun kana ɗaki, ka kuma gaya wa wani inda za ka da lokacin dawowarka. A hanyar Ingraham Trail, wadda masu hoto ke bi zuwa tafkunan Prosperous da Prelude, akwai wuraren da waya ba ta samun sabis.

Sai sutura, hawa uku. Wadda ke manne da fata ta zama ta ulu ko ta zaren roba da aka yi don janye zufa. Auduga ba ta shiga nan ko kaɗan: singileti, wandon jins, safar auduga, duk a bar su a akwati, domin auduga tana shan zufa ta riƙe, da ka tsaya cik sai ta koma kamar jiƙaƙƙen tsumma a bayanka. Hawa na biyu suwaita mai kauri ko biyu marasa kauri. Na uku babbar jaket mai hular da ke rufe kai, wadda iska ba ta ratsa ta, da wando irinta. Takalmi ya fi ƙafarka girma kaɗan, yadda za ka iya motsa yatsu bayan ka sa safa biyu. Takalmin da ya matse yana tare jini, kuma ƙafar da jini bai isa ba ita ke fara mutuwa.

Ka fita kana ɗan jin sanyi. Idan tun a bakin ƙofa ka ji ɗumi ya ratsa ka, kayan sun yi yawa, kuma tafiyar minti goma da jaka a baya za ta sa ka zufa. In ka ji jiki ya fara zafi a hanya, buɗe zif, rage sauri. Haka kuma wanda ya yi alwala, ya goge fuska da gemu da tsakanin yatsu su bushe sarai kafin ya leƙa waje.

Hannu shi ne babbar matsalar mai hoto, don dole ya taɓa maɓallai. Dabarar ita ce safar hannu biyu: siririya a ciki wadda ba a cire ta ko da wasa, sai babba a sama irin wadda ke haɗa yatsu huɗu a buhu ɗaya. Ka zare babbar, ka saita, ka ɗauka, ka mayar. Ɗaure ta da igiya a wuyan hannu, domin idan iska ta tafi da ita a tsakiyar tafki, aikin ranar ya ƙare. Ana sayar da 'yan ƙunshin ɗumama hannu masu yin zafi idan iska ta taɓa su; sa ɗaya a kowace safa.

Batir

Yawancin kyamarori an rubuta a takardarsu cewa suna aiki daga digiri 0 zuwa 40, wasu ƙalilan zuwa 10 ƙasa da sifili. Duk da haka suna aiki a sanyin da ya fi wannan, abin da ke fara gazawa shi ne batir. Sanyi yana rage saurin sinadaran da ke cikinsa, sai kyamara ta nuna ya ƙare alhali cajin na nan. Ɗauki uku ko huɗu cike, ka sa su a aljihun ciki, jikin ƙirji. Wanda ya mutu ka cire, ka mayar da shi aljihu, ka sa mai ɗumi. Bayan ɗan lokaci na farkon zai farfaɗo. Haka za ka riƙa juya su. Kada su haɗu da makulli ko kwabbai a aljihu ɗaya.

Kada a sa batirin da ya daskare a caji. Cajin batirin litiyam a ƙasa da sifili yana lalata shi daga ciki, lalacewar da ba ta gyaruwa. Bari ya yi ɗumi tukuna. Waya ma haka take: kamfanin Apple ya ce iPhone ta yi aiki tsakanin digiri 0 da 35, shi ya sa take mutuwa farat ɗaya tana nuna kashi 40. Tunda ita ce hanyarka ta kiran 911, lambar agajin gaggawa, zamanta a aljihun ciki ya fi amfani da hoton da za ta ɗauka.

Ita kuwa kyamarar, bar ta a sanyi. Kuskuren da sababbi ke yi shi ne cusa ta cikin jaket wai don su ɗumama ta. Cikin jaket cike yake da tururin jiki. Zai kwanta a kan gilashi, da ka fito da ita ya daskare.

Numfashi da ƙarfe

Sa ido a ramin leƙawa, ka saki numfashi sau ɗaya, za ka ga farin gari ya rufe bayan kyamarar kamar an barbaɗa gishiri. Riƙe numfashi lokacin da fuska ke kusa da ita, ko ka fitar da shi ta gefen baki. Idan dusar ƙanƙara ta sauka a gilashin gaba, kada ka hura da baki, kada ka shafa da yatsa. Yi amfani da ɗan famfon roba mai hura iska ko burushi mai laushi wanda shi ma ya yi sanyi. Murfin nan mai kama da mazurari da ake ɗaura wa gaban gilashi don tare rana, bar shi a ɗaure koyaushe, yana tare dusa.

Ƙarfe mai sanyi yana kama jiƙaƙƙiyar fata, har ya ɗebe ta. Naɗe ƙafafun sandar kyamara mai ƙafa uku da soso ko tef mai kauri a inda kake riƙewa, kuma ka lura da hancinka a jikin kyamara. Idan dusa tana da zurfi, kada ka buɗe ƙafafun gaba ɗaya ka danna. Dusar za ta ƙara wage su har mahaɗin ya karye. Tattake wurin da takalmi ya yi tauri, sannan ka kafa. Roba da wayoyi suna yin tauri su tsage, don haka komai a hankali.

Me ya sa dusar ta fito toka-toka

Ma'aunin hasken kyamara an gina shi ne a kan zaton cewa duk abin da ke gabansa, idan an gauraya, matsakaicin ruwan toka ne. Da ya ga fili fari fat sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage. Gyaran shi ne ka ƙara haske da kanka da maɓallin da ke da alamar +/-. Fara da +1 idan akwai gajimare ko itatuwa da gidaje a hoton, ka kai +2 idan dusa ce ta cika shi. Kada ka amince da allon baya, domin hasken waje yana ruɗin ido, kuma a tsananin sanyi allon kansa yana yin nauyi. Duba jadawalin haske, wato zanen nan mai kama da tudu da kyamara ke nunawa, duhu a hagu, haske a dama: tudun ya matsa dama amma kada ya manne da bango. In ya manne, dusar ta ƙone ta zama farar takarda, babu ƙyalli babu sawu.

Wannan ya fi tsanani idan mai baƙar fata kake ɗauka. A bar wa kyamara zaɓi, fuska za ta fito baƙi ƙirin, sai haƙora da idanu. Auna haske a kan fuskar kanta, sannan ka rage kaɗan har dusar baya ta daina ƙonewa. Juya mutumin ya fuskanci buɗaɗɗen fili, dusar da ke ƙasa za ta mayar masa da haske ƙarƙashin haɓa da idanu kyauta. Ɗauka a tsarin RAW, wato hoton da kyamara ke ajiyewa ɗanye ba tare da ta sarrafa shi ba, domin inuwa a kan dusa shuɗiya take fitowa, kuma gyaran launi a kwamfuta ya fi sauƙi da shi. Kada dai a goge shuɗin duka. Shi ke sa mai kallo ya ji sanyin.

Idan dusa na zuba, saurin ɗauka shi ke yanke kamannin hoton. A 1/500 na daƙiƙa ko sama, kowace ƙwayar dusa za ta tsaya cak. A 1/30 sai su zama zare-zare, wanda ya fi nuna ƙarfin iska. Nemi bango mai duhu, kamar itatuwan dajin ko bangon gida, in ba haka ba fari a kan fari ba ya fitowa. Saitin ido na kai-tsaye, wato wanda kyamara ke yi da kanta don hoto ya fito tar, yakan ruɗe ya riƙa bin ƙwarorin dusa, sai ka mayar da shi na hannu. Filashin da ke kan kyamara kuma yana mayar da na kusa manyan fararen ƙwallaye.

Kafin ka taka fili, tsaya ka duba. Sawunka ba ya gogewa, don haka fara da hoton nesa, sannan ka matso.

Gajeriyar rana tana da ladanta: rana ba ta hawa sama, haske a kwance yake wuni guda, irin wanda a ƙasar Hausa sai da hantsi ko bayan la'asar ake samu. A ranakun da ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara ke yawo a iska, za ka ga zobe ya kewaye rana da tabo mai haske a dama da hagu, da dare kuma ginshiƙan haske a saman fitilun gari. Sa tabarau mai tare hasken rana, domin sabuwar dusa tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na haskoki masu ƙona ido.

Hasken arewa, wato koren labulen da ke rawa a sama da dare, shi ke kawo baƙi da yawa garin. Kafa sanda, buɗe ƙofar haske zuwa f/2.8 ko iyakar abin da gilashinka ke iyawa, ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) 1600 zuwa 3200, tsawon ɗauka daƙiƙa 5 zuwa 15. In hasken na gudu da sauri, rage zuwa daƙiƙa 2 ko 3. Saita ido da hannu a kan tauraro mai haske har ya zama ɗigo, ka manne zoben saitin da tef. Sa jinkirin daƙiƙa 2 don kada hannu ya girgiza hoton. A nan ne aka fi daskarewa, don tsayuwa ce ba motsi, sai ka riƙa tattaki tsakanin ɗauka.

Tafki, mota da ɗaki

Akwai hanyar mota ta kan ƙanƙara daga Yellowknife zuwa ƙauyen Dettah, wajen kilomita 6, wadda hukuma ke aunawa kafin ta buɗe. Inda ba a auna ba, ƙa'idar Red Cross ta Kanada ita ce kaurin santimita 15 ga mai tafiya shi kaɗai, 20 ga taro. Guji bakin kogi da duk inda ƙanƙara ta yi ruwan toka.

Idan mota ta maƙale, zauna a ciki. Kunna inji kamar minti 10 a kowace awa, ka ɗan sauke gilashi, kuma kafin nan ka tabbata dusa ba ta toshe salansa ba. Hayaƙin da ya rasa mafita yana komawa ciki, kuma iskar da ke kisa a cikinsa ba ta da wari. Dalilin ke nan da ya sa ba a shigar da kaskon gawayi ko janareta ɗaki idan wuta ta ɗauke, duk da cewa da kasko aka saba jin ɗumi a gida lokacin hunturu. Gidajen Kanada a toshe suke ruf, iska ba ta cika zirarewa ba.

Ku riƙa duba fuskar juna. A baƙar fata daskarewa ba ta cika yin fari ba, sai dai wurin ya yi toka-toka, ya yi tauri, ya daina ji. Kada a murza, kada a goga dusa, kada a kanga a wuta. A tsoma a ruwa mai ɗumi na digiri 37 zuwa 39, wanda gwiwar hannun lafiyayye za ta jure, kamar rabin awa, sannan a tafi asibiti. In akwai yiwuwar wurin ya sake daskarewa kafin a isa, a bar shi har a isa. Wanda makyarkyata ta kama shi har magana ta fara sarƙewa, ko ya ce barci yake ji, sanyi ya shiga cikinsa. A cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a kira agaji.

Shiga gida

Ka san yadda kwalbar lemo ke zufa idan an fito da ita daga firji a watan Afrilu. Haka kyamara ke yi idan ta shiga ɗaki mai ɗumi, kuma ba a waje kaɗai ba, har cikin gilasai da wayoyin lantarkinta. Don haka tun kana waje ka cire katin hotuna da batir ka sa a aljihu, ka kakkaɓe dusa, ka sa kyamarar a leda mai zif, ka matse iskar, ka rufe. Raɓar za ta kwanta a jikin ledar. Ajiye ta nesa da hita, kada ka buɗe sai bayan awa biyu, ko fiye idan gilashin babba ne. In babu leda, jakar kyamara a zuge tana yi, sai dai ta fi ɗaukar lokaci. Idan kuwa an yi kuskure ta jiƙe, kada a kunna ta, kuma kada a mayar da ita waje, ruwan zai daskare a ciki. A buɗe ƙofar batir da ta kati, a bar ta ta kwana a wuri busasshe.