Kurakuran da ke jawo mana wahalar waya da manhajoji a Saudiyya, da yadda ake gyara su

A ƙasar nan lambar wayarka ta kusa zama igamarka (katin izinin zama) ta biyu. Absher, manhajar hidimomin gwamnati, ba ya buɗe maka sai ya turo lambobi kan layin da ka yi rajista da shi. Banki ma haka, asibiti haka, har mai kawo kaya daga kasuwar intanet sai ya kira wannan lambar. Duk da haka, da yawa daga cikinmu, tun daga tsofaffin mazauna Makka da Jidda har zuwa wanda ya sauka jiya da bizar Umara, muna riƙe layi riƙon sakainar kashi: a karɓa a hannun kowa, a yar idan kuɗi ya ƙare. Yawancin koke-koken da nake ji a majalisa daga nan suke farawa.

Babban kuskure shi ne zama da layin da ba sunanka ba. Tun 2016 aka wajabta ɗaukar hoton yatsa kafin a ba mutum shariha, wato katin SIM, ko ta STC ce, ko Mobily, ko Zain. Ma'ana kowane layi yana da mai shi a takarda. Sai ka ga mutum ya shekara biyar yana amfani da layin da ɗan ɗakinsu ya ciro masa, ya ɗaura Absher a kai, ya ɗaura banki, ya ɗaura WhatsApp. Ranar da ɗan ɗakin ya yi fita ta ƙarshe ya koma Kano, ko igamarsa ta mutu ba a sabunta ba, layin yana iya tsayawa. Ka je ofishin kamfani, su ce sai mai layi ya zo da kansa. Kuma gaskiyarsu ce. Gyaran ba shi da wuya muddin mai layin yana nan: ku je tare a mayar da layin sunanka, ko ka ciro sabo da yatsanka, sannan ka bi Absher da banki ka canza lambar tun tsohon layin yana karɓar saƙo. Kada ka fara da jefar da tsohon. Idan ya riga ya mutu, akwai na'urorin Absher da ake ajiyewa a manyan kasuwanni da wasu ofisoshi, su ma da yatsa suke aiki, banki kuwa sai ka taka da ƙafarka zuwa reshe.

Na san akwai 'yan uwanmu da ba su da takarda, waɗanda ba su da yadda za su yi sai da layin wani. Ba ina ɗora musu laifi ba ne. Abin da zan ce kawai, wanda yake cikin wannan hali ya zaɓi mutumin da zai daɗe a ƙasar, kuma kada ya bar lambobin mutanensa da hotunan takardunsa su dogara da layin nan kaɗai.

Ɗaya gefen ya fi haɗari, wato ara wa wani yatsa. "Kawu, don Allah ka ciro min shariha, tawa igamar tana wajen kafili, ubangidana na aiki." Kunya ta hana ka cewa a'a. To duk abin da aka aikata da layin nan, zamba ko barazana ko bashin kuɗin layi, kai za a nema. Hukumar sadarwa, wadda aka sani da CITC kafin a mayar da ita CST a 2022, tana da wata hidima mai suna Arqami a shafinta. Ka shiga da lambar igamarka, ta jero maka duk layukan da ke kan sunanka. Kowa ya kamata ya leƙa ko sau ɗaya ne a shekara. Idan ka ga lambar da ba ka sani ba, ka kai ƙara wurin kamfanin a soke ta, kada ka ce ai ba komai.

Sai maganar Nafath, manhajar gwamnati ta tabbatar da cewa kai ne, wadda a ganina ita ce ta fi cin mutanenmu a 'yan shekarun nan. Ga yadda take aiki: idan kana son shiga wata hidima ta gwamnati ko ta banki, shafin zai nuna maka lamba mai alƙaluma biyu, sai ka buɗe Nafath a wayarka ka zaɓi wannan lambar, wani lokaci kuma ta ɗauki fuskarka. Da ka danna, ka sa hannu ke nan. Ɗan damfara ya san haka. Shi ne zai buɗe shafin daga can inda yake da lambar igamarka, sannan ya kira ka da Larabci mai santsi, ya ce daga banki yake ko daga Absher, za a rufe asusunka yau idan ba ka sabunta bayanai ba, "buɗe Nafath ka danna 47". Mutum yana tsoron hukuma, Larabcinsa ba ya da ƙarfi, sai ya danna. Abin da ya amince da shi bai sani ba, watakila buɗe asusu ne da sunansa, watakila layi ne, watakila bashi.

Ƙa'idar ɗaya ce: buƙatar da ba kai ka fara ta da hannunka ba, ka ƙi ta. Banki ba ya kiran mutum ya tambayi lambobin da suka shigo masa ta saƙo, kuma ba ya tambayar lambar sirrin katin mada, wato katin cire kuɗi. Ka kashe wayar, ka kira lambar da ke bayan katinka. Saƙon damfara ana tura shi kyauta zuwa 330330, wanda kuma aka riga aka cuta ya fara da kiran banki a tsayar da kati a take, kafin ya shigar da rahoto a manhajar Kollona Amn ko ya je ofishin 'yan sanda. Ina roƙon matasa ku zauna da iyayenku mata musamman ku nuna musu fuskar Nafath, ku ce: "Hajiya, in kin ga wannan ya fito ba ke kika nema ba, ki kira ni kafin ki taɓa." Minti biyar ne.

Dangin wannan kuskure shi ne miƙa sunan shiga da kalmar sirrin Absher ga yaron shagon hidima, a tafi a bar masa. Neman taimako ba aibi ba ne, ba kowa ke karanta Larabci ko Turanci ba. Amma ka tsaya a kansa har ya gama, lambar da ta shigo wayarka kai za ka karanta, kuma da ka koma gida ka canza kalmar sirrin.

Haka nan adireshin Gmail. Ka sayi waya a Shari' Falasɗin a Jidda, mai shago ya ce kawo in haɗa maka, ya ƙirƙiro adireshi da kalmar sirri da shi kansa ba zai tuna ba gobe. Shekara biyu wayar ta rikice, aka wanke ta, sai ta ce ba za ta buɗe ba sai an sa asusun Google na farko. Wannan kulle ne da aka yi don ɓarayi, amma mai waya yake kamawa idan bai san asusunsa ba. Lambobin mutane, hotunan jikoki, ajiyar WhatsApp, duk suna can. A rubuta adireshin da kalmar sirrin a takarda, a ajiye inda ake ajiye fasfo. A iPhone ma haka yake da Apple ID, kuma nasu kullen ya fi tsauri.

Layin gida kuma kada a manta da shi. Mutum ya zo Saudiyya, ya cire layinsa na Najeriya ko Nijar ya sa a aljihun jaka, alhali asusun bankinsa na gida da WhatsApp ɗinsa suna kansa. Kamfanonin waya suna karɓe layin da ya yi watanni ba a yi amfani da shi ba, su sayar wa wani. Daga nan saƙon bankinka wani baƙo ke karɓa. Ko dai ka riƙa sa masa kati kana amfani da shi lokaci-lokaci, ko ka mayar da WhatsApp kan layin Saudiyya ta wurin canza lamba da ke cikin saitin manhajar, wanda ke tafiya da rukunoninka duka. Ka kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu, lambobi 6 ne da kai kaɗai ka sani.

Wani ƙaramin abu da ke ɓata wa mutane rana: kwanan wata. Manhaja ta tambayi ranar haihuwa, ka sa ta Miladiyya, ita kuwa ta Hijira take jira, sai ta ce bayananka ba daidai ba ne. Ka duba abin da ke rubuce a igama ka bi shi. Kuma shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, don haka wanda ke lissafin ƙarewar igama da kai yakan makara. Ka duba ranar a Absher. Idan igama ta mutu aka bar ta, banki yakan daskarar da asusu, kuma ko bayan sabuntawa wani lokaci sai ka shiga manhajar bankin ka sabunta bayanan da kanka.

A wajen sayayya, fatura, wato rasit, muke wasa da ita. Dokar ma'aikatar kasuwanci ta ba kayan lantarki garantin da bai gaza shekara 2 ba, amma ba tare da fatura ba, baki ne kawai. Takardar da injin shago ke fitarwa zafi ke goge ta. Ka bar ta a mota wata guda a lokacin zafin Makka, za ka tarar da farar takarda. Ka ɗauke ta hoto tun kana bakin kanta, yadda tambarin QR zai fito sosai. Tun Disamba 2021 aka wajabta wa masu rajistar haraji fatura ta lantarki, saboda haka shagon da ya ce zai rage maka harajin kashi 15 idan ka haƙura da fatura, garantinka yake saye da araha. Ka kuma tambaya kafin ka biya: garantin na wakilin kamfani ne a cikin ƙasa, ko na shago? Wayar da aka shigo da ita daga wata ƙasa takan fi sauƙi da riyal ɗari ko biyu, amma ranar da ta lalace za ka gane bambancin. Wanda ya saya ta intanet ya sani cewa dokar cinikin intanet ta 2019 ta ba shi kwana 7 ya mayar da kayan da bai yi amfani da su ba, ban da wasu nau'o'in da aka keɓe, kuma yana iya fasa ciniki idan kawowa ta wuce kwana 15.

Zafin nan dai shi ke kashe batir. Apple da kansa ya ce wayarsa ta fi son aiki ƙasa da digiri 35, mu kuwa muna kafa ta a gilashin mota da rana tsaka, tana caji tana nuna hanya. Ka kafa ta a bakin iskar na'urar sanyaya mota.

Yanzu ga inda zuciyata ta fi ƙuna, wato yadda muke kai ƙara. Kuɗi ya ɓace a layi, ko intanet ɗin gida ya kwana uku ba ya aiki, ko injin cire kuɗi ya ci bai bayar ba. Sai mu kira, mu jira, mu yi bayani, a ce mana in sha Allahu za a duba, mu ajiye waya. Gobe mu sake kira, wani ma'aikaci daban ya ɗauka, mu fara daga farko. A karo na uku mu yi masa tsawa, ko mu ce Allah ya isa mu bar maganar. Na tsaya kusa da wani dattijo a wani ofishin kamfanin waya yana ta nuna wa yarinyar da ke kan kanta saƙonnin cire kuɗi, tana tambayarsa abu ɗaya: ina lambar ƙorafin? Ba shi da ita, domin duk kiran da ya yi ba wanda aka rubuta a matsayin ƙorafi. Hira kawai aka yi da shi.

Bambancin ke nan. Idan ka kira 900 na STC, ko 1100 na Mobily, ko 959 na Zain, ka faɗa a fili cewa shakwa, wato ƙorafi a rubuce, kake son buɗewa, kuma kada ka ajiye sai lambar ta shigo maka ta saƙo. Ta cikin manhajar kamfanin ma ana buɗewa, kuma na fi son wannan, domin rubutu yana zama shaida, kana kuma iya sa ɗanka ya rubuta maka. Kamfani yana da kwana 5 ya warware. Idan wa'adin ya wuce, ko suka rufe ƙorafin ba ka gamsu ba, da wannan lambar za ka ɗaukaka ƙara zuwa CST ta shafinsu. Na banki ma tsarin ke nan: ka fara da bankin, ka karɓi lamba, sannan ka wuce babban bankin ƙasa ta hidimarsa ta karɓar ƙorafi. Mai shago ko kamfanin da ya ƙi cika garanti, akwai 1900 na ma'aikatar kasuwanci da manhajar Balagh Tijari, inda za a nemi hoton faturar nan da muka yi magana.

Wasu suna tsoron cewa baƙo idan ya kai ƙara zai jawo wa kansa ido. Wanda takardunsa suke daidai, waɗannan ƙofofin an buɗe su ne har da shi, da lambar igama ake shiga. Ka rubuta gajere: ranar da abin ya faru, adadin kuɗin, abin da kake so a yi maka. Tsawa ba ta da amfani, yaron da ke amsa waya ba shi ya ci kuɗin ba, kuma abin da allon gabansa ya ba shi dama kawai yake iya yi. Kafin ma ka kira, leƙa jerin hidimomin da ke kan layinka a manhaja. Sau da yawa abin da ke tsotse kuɗin wani rajistan wasanni ne ko na saƙonni da yaro ya danna, yana sabunta kansa kowane mako, kuma da dannawa ɗaya ake soke shi.

Ga baƙinmu masu zuwa Umara da ziyara, ku buɗe Nusuk, manhajar neman izinin Umara da ziyara, tun kuna gida, da imel ɗin da kuke iya buɗewa da kanku, ku rubuta suna da lambar fasfo yadda suke a biza ba ragi ba ƙari. Izinin shiga Rauda a Madina kyauta ne kuma da sunan mutum yake fita. Wanda ya tare ku a harabar masallaci ya ce zai sayar muku da hoton izini, kada ku ba shi ko riyal ɗaya. A ƙofa duba izinin ake yi, kuma hoton na wani zai iya sa a mayar da ku bayan kun sha layi. Idan babu gurbi a ranar da kuke so, ku riƙa leƙawa safe da yamma, domin ana sakin sababbin lokuta, wasu kuma suna fasa nasu.