Yadda za ka auna albashinka kafin ka kama haya a Abuja

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya zama haya ta biyu a Abuja. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, amma tsadar gari ta riga ta yi masa nisa. Don haka kada ka biya kuɗin gida sai ka zauna da biro da takarda.

Fara da abin da ke faɗowa asusunka a ƙarshen wata, bayan an cire haraji da kashi 8 cikin ɗari na fansho. Wannan ne albashinka, ba wanda ke cikin takardar ɗaukar aiki ba.

Sai babban lissafin, wanda yawancin mutane ke tsallakewa: haɗa haya da kuɗin mota wuri guda. Ɗaki a Masaka ko Suleja ko Gwagwalada ya fi na cikin gari araha nesa ba kusa ba, amma a ce zuwa da dawowa na cin naira 2,000 kullum. Kwana 22 na aiki, 44,000 ke nan a wata, 528,000 a shekara. Ɗora wannan a kan hayar, sannan ka gwada da ɗakin da mota ɗaya za ta kai ka ofis. Sau da yawa arahar nan ta ido ce kawai. Ga kuma cunkoson hanyar Mararaba zuwa Nyanya, da ke sa mutum fita tun kafin a kira asuba.

Haya a nan ta shekara ce, kuma ba ita kaɗai za ka biya ba. Dillali kan karɓi kashi 10, lauya ma haka, wasu masu gida har da kuɗin ajiya saboda ɓarna. Tambayi jimillar tun a waya.

Kafin ka sa hannu, duba mita. In ba ta kati ba ce, nemi takardar kuɗin wuta ta ƙarshe, don kada ka gaji bashin wanda ya tashi. Tambayi maƙwabta ko layin yana rukunin Band A, wato layukan da aka yi wa alkawarin wuta aƙalla awa 20 a rana, domin farashinsa ya haura naira 200 kowane yunit tun Afrilun 2024. In babu rijiyar burtsatse, kurar mai ruwa ma ta shiga lissafi.

Ranar da ka tare, raba hayar baɗi gida 12, ka riƙa ware kason da zarar albashi ya shigo, da ɗan ƙari, don mai gida ba ya rasa dalilin ƙarin kuɗi. In adashi za ka shiga, a yi shi da abokan aiki da aka san albashinsu, ka roƙi kwasarka ta faɗo wata guda kafin haya ta ƙare. Manhajojin bashi na waya kuwa, ka guje su: ruwansu na da yawa, wa'adinsu gajere, kuma in ka makara har 'yan'uwanka za su kira.