Idan aiki ya ci ƙarfinka: abin da na koya a kan keken ɗinki

Shekara 17 ke nan ina ɗinki a Mabera, nan cikin Sakkwato. Shekara 3 da suka wuce, ana saura kwana 10 ƙaramar Sallah, ina cikin yanka shadda sai zuciyata ta kama dukan uku-uku, hannuna na rawa, numfashi ya ƙi shiga. Na ɗauka kwana ne ya ƙare. Ƙanena ya ɗora ni a kabu-kabu sai asibiti. Aka auna jini, aka duba zuciya, ba a ga komai ba. Likita ya ce, "Malam, awa nawa kake barci?" Na ce 3. Ya tambayi goro nawa nake ci, shayi kofi nawa. Da na lissafa masa, sai ya ce gajiya ce ta taru, fargaba ta hau kanta.

Saboda haka asibiti nake cewa a fara da shi. Hawan jini, ƙarancin jini, ciwon sukari da matsalar tayirod, wato halittar nan ta wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo, duk suna iya kawo faɗuwar gaba da kasala. A duba su tukuna.

Idan fargabar ta taso maka, ajiye almakashi ko duk abin da ke hannunka, ka zauna. Shaƙi iska ta hanci kana ƙirga 4, ka sake ta a hankali ta baki kana ƙirga 6. Sirrin yana wajen fitarwar, domin fitar da numfashi sannu-sannu ke sa zuciya ta rage gudu. Yi haka kamar sau 10. Ni daga nan nakan je randa in yi alwala da ruwan sanyi. Irin wannan tashin yakan kai ƙololuwa cikin 'yan mintoci sannan ya sauka, kuma sanin cewa zai sauka shi kansa yana rage masa kaifi.

Sai barci. Baligi yana buƙatar awa 7 zuwa 9, mu kuwa teloli muna alfahari da kwana zaune. Goro, shayi, Nescafé da lemon gwangwanin nan na ƙara kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda bayan kamar awa 5 rabinsa na nan cikin jini. Goron da ka tauna da magariba yana nan tare da kai har tsakar dare. Ban daina goro ba, amma daga azahar na rufe. Kada ka yanke shi rana ɗaya, ciwon kai zai kama ka. Rage shi cikin mako biyu. Tsakanin Maris da Mayu, lokacin da zafin garin nan kan haura digiri 40, ina yayyafa wa tsakar gida ruwa da yamma, in ɗaura gidan sauro a waje, waya kuma ta kwana a ɗaki. Bayan azahar ina ƙailula ta minti 20, ba na wuce haka don kada ta cinye mini barcin dare.

Wurin da ya fi yi mini wuya shi ne aikin kansa, kuma nan ne tushen ciwon. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan gajiya a matsayin abin da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, ta ba ta alamu uku: ƙarfi ya ƙare, mutum ya ji aikinsa ya fita ransa, ƙwazonsa kuma ya ragu. Duk ukun na gan su. Ni da nake jin daɗin ganin aska tara ta zauna daram a ƙirjin riga, sai ga shi ƙarar keken ma ba na son ji, ina ɓata yadin mutane, ina yi wa yaran shago tsawa ba dalili.

Abin da na yi, na sayi littafin rubuta ɗinkin da na karɓa. Na ƙirga kaya nawa ni da yarana biyu za mu iya gamawa a mako ba tare da kwana a shago ba, na ja layi a daidai nan. Littafi na cika, an rufe karɓa, ko da azumi bai shiga goma ta biyu ba. Ranar da na fara cewa, "Alhaji, ka yi haƙuri, in na karɓa zan saɓa maka alkawari," bakina har nauyi ya yi. Wasu sun tafi ba su dawo ba. Kuɗin Sallah ya ragu, gaskiya ce, amma kuɗin yadin da nake biya in na ɓata shi ma ya tsaya. Ko kai malamin makaranta ne, ko ma'aikaciyar jinya, ko uwa mai yara biyar da sana'ar hannu, nemi naka layin ka ja. Ranar Juma'a kuma ba na buɗe shago sai bayan la'asar.

Bayan sallar asuba ina taka ƙafa minti 30, kwana 5 a mako, wanda ya yi daidai da minti 150 da masana lafiya ke ba da shawara. Ka ci abinci a kan lokaci, ka sha ruwa sosai. Furar rana ta fi shayi uku a kan cikin wofi.

Kada ka haɗiye abin kai kaɗai. Na yi wata biyu ina ɓoyewa don kada a ce imanina ne ya yi rauni. Innata ce ta tsare ni wata rana ta ce, "Ɗan nan, mi as same ka? Ko Annabi ya yi shekarar baƙin ciki, bale kai." Na yi kuka a gabanta, na kuma ji kamar an sauke mini buhu. Manzon Allah (SAW) da kansa yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, kuma ina karanta wannan addu'ar safe da yamma. Addu'a da ganin likita ba kishiyoyi ba ne, tare nake riƙe da su.

Ina roƙonka, ka nisanci tiramadol da ƙwayar barcin da ake saye a kemis ba da takardar likita ba. Na ga samari masu hannu mai kyau a sana'ar nan sun fara don su kwana ɗinki, yau ba sa iya zura zare a allura.

Idan ka kai mako 2 ba barci, ba cin abinci, ba ka jin daɗin komai, je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibitin tarayya na ƙwaƙwalwa da ke Kware. Na san yadda ake jin sunan Kware a garin nan, amma masu zuwa da ƙafarsu su ga likita su koma gida a ranar suna da yawa. Idan kuwa tunanin kashe kanka ya fara zo maka, kada ka jira mako 2: gaya wa wani na kusa yau ɗin nan, ya raka ka.