Yadda Kirista zai ci jibin Idin Ƙetarewa a gidansa

Ina koyar da yara Littafi Mai Tsarki a cocinmu da ke kusa da Aboabo a Kumasi, kuma na lura yaranmu sun san gurasa da ƙoƙon Jibin Ubangiji, amma ba su san wane abinci Yesu ya zauna ci a daren nan ba. Jibin Idin Ƙetarewa ne, na Yahudawa, idin tunawa da fitar Isra'ilawa daga bautar Masar. Shi da kansa ya ce ya yi marmarin cinsa da almajiransa kafin ya sha wahala, ku duba Luka 22:15. Bulus kuma ya kira Almasihu ɗan ragon Ƙetarewarmu a 1 Korintiyawa 5:7. Wannan ne dalilin da ya sa nake shirya jibin a gidana, kuma nake so ku gwada.

Ku fara da gyara niyya. Ba farilla ba ne a kanmu. Taron manzanni a Urushalima, a Ayyukan Manzanni 15, bai ɗora wa al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, bukukuwan Musa ba, Kolosiyawa 2:16 kuma ta hana mu hukunta juna a kan idi ko Asabar. Duk wanda ya ce muku ceto na rataye da wannan, kada ku saurare shi. Haka nan kada ku ce kuna yin abin da Yahudawan yau ke yi. Tsarinsu da ake kira Seder ya ginu ne bayan Romawa sun rushe Haikali a shekara ta 70, nasu ne, ibadarsu ce mai rai. Mu abin da za mu riƙe shi ne Fitowa sura 12 da labarin Linjila.

Lokacinsa yammacin 14 ga watan Nisan na kalandar Yahudawa ne, wanda kan faɗo a Maris ko Afrilu. A 2026, yammacin 1 ga Afrilu ke nan. Ni dai Alhamis ɗin da ke gaban Jumma'a Mai Kyau na fi so, don washegari yara su shiga coci da labarin a kansu.

Abu uku ake bukata. Na farko gurasa marar yisti, kuma a nan ne aikin yake. Fulawa, ruwa, ɗan gishiri, shi ke nan. Ku kwaɓa, ku murza da kwalba ta yi fale-fale, ku tsattsaga da cokali mai yatsu, ku gasa a busasshen kasko bisa kurfoti. Kada ku bar ƙullun ya kwanta. Malaman Yahudawa sun ƙayyade minti 18 daga taɓa ruwa zuwa gasawa, kuma ina son wannan ƙa'ida ko da ba ta ɗaure mu ba, domin gaggawar ita ce darasin: Isra'ilawa sun fita daga Masar ƙullunsu bai tashi ba. Ku bar yara su murza da hannunsu, ku riƙa yi musu "maza, maza". Burodin shayi kam a kawar da shi. Koko da banku da dokunu na masara ko gero ne, ba su cikin hatsin da malaman Yahudawa suka ambata a dokar yisti, amma tunda ƙullunsu mai tsami ne, nakan ajiye su a daren.

Na biyu ganye mai ɗaci. Shuwaka ta isa, tana nan a kasuwar Kejetia. Kada ku wanke ta har ɗacin ya fita kamar za a yi miya. Kowa ya tauna ɗanye kaɗan, a gaya masa ɗacin bauta ne.

Na uku nama. Ku je wurin mahauci ku sayi na rago ku gasa, Fitowa ta ce gasasshe, ba dafaffe ba. Kada ku yanka da sunan hadaya, kada ku shafa jini a ƙofa. A zango muke, maƙwabta za su ɗauka layya ce, kuma bangaskiyarmu ta ce an riga an miƙa hadayar sau ɗaya. Abin sha kuwa, ruwan inabi marar sa maye, in babu, sobolo, wato zobo, ya wadatar.

In an zauna, ƙaramin yaro ne zai buɗe da tambayar mene ne ma'anar wannan, kamar yadda Fitowa 12:26 ta faɗa. Ku sanar da shi tun da rana don kada kunya ta kama shi. Maigida ko Kaka ta amsa da bakinta, da Hausar gida, ba karatu kawai ba: bauta, annobai goma, daren fita. Sai a ci. Bayan an ƙoshi a karanta Luka 22 daga aya 7 zuwa 20, a nan za ku ga idon manyan yaran ya buɗe, gurasar da ake magana tana hannunsu. Ku rufe da Zabura 118, ɗaya daga cikin 113 zuwa 118 da Yahudawa ke rerawa a idin. Markus 14:26 ta ce su Yesu ma sun yi waƙa kafin su fita zuwa Dutsen Zaitun.

Ku sanar da fastonku kafin ranar, kuma ku bayyana wa mutanen gida cewa wannan bai maye gurbin Jibin Ubangiji na coci ba. Naman kuwa ku saya daidai bakunan da za su ci, domin umarnin shi ne kada ya kwana. In kun ga zai yi yawa, ku gayyato wani gidan ku ci tare, haka Fitowa 12:4 ta tsara wa ƙananan iyalai.