Kurakuran da baƙi ke yi in sun fita zaga garuruwan gefen Tokyo

Duk ɗalibi ko ɗan kasuwarmu da ya sauka Tokyo, da ya gama ganin Shibuya da Asakusa sai ya ce yana son ganin inda mutanen gari ke kwana. Shawara ce mai kyau, don masu aikin birnin da yawa sammako suke yi daga Saitama da Chiba da Kanagawa da yankin Tama. Amma na gaji da amsa waya ana cewa "Yaya, jirgin ƙasa ya wuce da ni." Bari in faɗa sau ɗaya in huta.

Kuskuren farko shi ne ɗaukar cewa duk jirgin da ya tsaya a gabanka naka ne. A layin Chuo, wanda ya bi yamma daga Shinjuku, jiragen duk kalarsu ɗaya, masu ratsin ruwan lemo, amma halinsu daban. Akwai kaisoku, wato mai sauri, akwai kuma tokubetsu kaisoku, wanda ya fi shi tsallake tashoshi. In Kichijoji ka nufa, don ganin lambun Inokashira da lungunan kasuwar bakin tasha, ka kuwa faɗa na biyun, kana ji kana gani zai wuce da kai sai Mitaka. Ran Asabar da Lahadi da ranakun hutu, kaisokun ma ba ya tsayawa a Koenji da Asagaya da Nishi-Ogikubo, sai ka nemi mai ratsin ɗorawa da ke tsayawa ko'ina. Ni kaina na taɓa nufar Takao, na yi gyangyaɗi, na farka na ga duwatsun da ban sani ba. Ashe jirgin Ome na hau, wanda ke rabuwa da babban layi a Tachikawa. Abin da nake yi yanzu: ba na ɗaga ƙafa sai na karanta allon da ke saman dandamali, irin jirgi da inda zai ƙare. In na yi shakka, na bar shi ya tafi. Wani na nan tafe cikin 'yan mintoci, ba motar tasha ba ce da sai ta cika.

Kada ka sayi JR Pass, wato tikitin baƙi na hawa jiragen kamfanin JR, don wannan yawon. A Oktoban 2023 aka ɗaga kuɗin na kwana bakwai zuwa yen 50,000, kuma ba ya aiki a layukan Keio da Odakyu da Seibu da Tobu, alhali su ne suka ratsa unguwannin. Katin Suica ko Pasmo, wanda ake zuba wa kuɗi ana biyan jirgi da shi, ya ishe ka.

Yanzu ga wanda har yau in na tuna raina ke ɓaci: jirgin ƙarshe, shuden. Mutane na jin an ce jirage na kaiwa tsakar dare sai su miƙe ƙafa. To, ku saurara. Waɗanda ke daɗewa su ne masu kwaso ma'aikata daga birni zuwa gida. Kai da ka fita gefen gari kana son komawa ciki, kishiyar hanya kake bi, kuma naka yakan ƙare da wuri, balle in akwai canjin layi a tsakani. Wani dare cikin watan Janairu wani ɗan'uwa ya gayyace ni tuwo a gidansa can bayan Hachioji. Tuwon semo da miyar kuka da aka aiko masa daga gida, wa zai tashi? Muka yi ta hira har na ga matarsa tana leƙo agogo. Da na iso tasha, an ja ƙofar ƙarfe, sai wani ma'aikaci mai farar safar hannu ya haɗa hannuwansa ya yi mini alamar giciye, wato an rufe. Na tambayi mai tasi, ya ambaci kuɗin da ya fi abincina na mako, ga ƙarin kashi 20 cikin ɗari da ake yi daga ƙarfe 10 na dare. Kunya ta hana ni komawa in ƙwanƙwasa wa mai iyali ƙofa. Na kwana a zaune a wani shagon intanet, cikin ɗan akurkin da ƙafa ba ta miƙewa, har jirgin asuba. Ba wanda ya jawo mini sai ni. Tun ranar, da na sauka a tasha nake duba jirgin komawa, in sa ƙararrawar waya saura minti arba'in. Wasu na cewa na cika tsoro. Su ba su kwana a akurki ba.

Kishiyar wannan kuma, masu fita da la'asar. Garin Kawagoe da ke Saitama minti talatin ne da ɗan ɗoriya daga Ikebukuro ta layin Tobu Tojo, amma shagunan tsohon titin rumbuna da ke kusa da hasumiyar ƙararrawa ta Toki no Kane, masu sayar da kayan zaƙi na dankali, wajen ƙarfe 5 sun fara rufewa. Ka je da hantsi.

Batun ci da salla sai ka shirya tun daga gida. A garuruwan nan da wuya ka ga tambarin halal, romon taliyar ramen yawanci na alade ne, miya kuma sau da yawa da mirin a ciki, wato giyar shinkafa ta girki. Ni dabino da dafaffen ƙwai nake sawa a jaka, da 'yar darduma. Kuma don Allah a daina fuskantar gabas. Na taɓa tarar da wani yaronmu a lambu ya kalli mafitar rana ya kabbara. A Japan alƙibla tana yamma ne, ta ɗan karkata arewa.

Riƙe tsabar kuɗi, ƙananan shaguna da yawa ba sa karɓar kati. Riƙe leda, don kwandon shara ba ya samuwa a titi. Ka tambayi mai masaukinka ƙofar arewa ko ta kudu zai jira ka, in ba haka ba ku yi ta zagaye tasha ɗaya. Sannan unguwar mutane ba wurin yawon buɗe ido ba ce: kar ka ɗauki hoton ƙofar gida mai sunan masu gida a jiki, ko yara 'yan makaranta, kuma ka rage murya in kana waya da gida. A Tama New Town, wata babbar unguwar gidaje a yankin Tama da aka fara zama a 1971, tsofaffi sun yi yawa, shirun wurin har ka ji ƙarar takalminka. Wata tsohuwa ta taɓa buɗe taga ta zuba mini ido, ba ta ce uffan ba, har sai da na kashe wayar na sa a aljihu.